Layi a ƙofar shago lokacin annoba: benci, abin jingina ko rumfa?

Sadiya Mai Zane
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kan kayan da ake ajiyewa a bakin titi domin masu bin layi a ƙofar shago idan annoba ta sa an taƙaita yawan masu shiga. Tun daga 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, abin da aka fi gani shi ne sitika a ƙasa da igiyar tare hanya. Sitika kuwa ba ta ɗauke wa tsoho gajiya, ba ta tare ruwa, ba ta tare rana. Ga abin da na zana: rumfa mai tsawon mita 10, benci dogo a ciki, an raba shi ɗaki-ɗaki da allon roba mai garai-garai kowane mita 2, tsayin allon mita 2, faɗinsa mita 1. Ku nuna min inda zai ba da matsala kafin a kai ga yanka ƙarfe.

Dakta Hauwa
Wa'alaikis salam Sadiya. Allunan nan su ne abu na farko da zan ce ki cire. Abin da ya sa aka fitar da mutane waje shi ne iska tana kwashe numfashin da suke fitarwa ta watsar. Idan kika yi rufi a sama, bango a baya, allo dama da hagu, kin mayar da su cikin ɗaki, an gudu ba a tsira ba. Mutum ya yi minti biyar a ciki yana magana ko tari, ya matsa gaba, na bayansa ya shiga ya shaƙi iskar da bai gama fita ba.

A Ingila, lokacin da aka sake buɗe wuraren zama na waje a Afrilun 2021, ƙa'idar da aka bi ita ce rumfa ba ta zama "waje" sai rabin bangonta aƙalla yana buɗe. Wannan shi ne mafi ƙaranci. A layin shago ni na fi son gefe uku a buɗe, ko ma duka huɗun.

Injiniya Bashir
Ko da Dakta ba ta hana ba, iska za ta hana. Ga lissafin, kowa zai iya maimaitawa. Matsin iska a kan murabba'in mita ɗaya shi ne 0.613 sau gudun iska sau gudun iska. Iska mai gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa, tana ba da niyuton 245 (niyuton ma'aunin ƙarfin turi ne). Allo shimfiɗaɗɗe ana ninka masa da kusan 1.2. Naki murabba'in mita 2 ne, don haka ƙarfin da zai ture shi ya kai niyuton 588, kamar nauyin kilo 60, kuma yana turawa ne a tsakiyar allon, mita 1 daga ƙasa.

Idan faɗin gindin santimita 60 ne, nauyinsa yana riƙewa ne daga santimita 30 kacal zuwa gefen da zai kife. Raba 588 da 0.3, za ki samu 1,960, wato kilo 200. Ƙara rabi domin kariya, kilo 300. Dunƙulen kankare ke nan mai santimita 50 ta kowane gefe, a gindin kowane allo guda. Allo shida, tan 1.8 na kankare a kan hanyar mutane. In kuma aka yi ƙwauron nauyin, allon mita 2 ya faɗo a kan yaro, wannan haɗarin ya fi wanda ake gudu kusa.

Sadiya Mai Zane
Na karɓa, allo ya fita. To a bar benci dogo da alamar fenti, nan a zauna, nan kada a zauna?

Malam Tanimu Kafinta
A'a 'yata. Benci dogo kiran mutane yake yi. Duk gurbin da ya isa ɗuwawu, wani zai cike shi idan ya gaji, ko an zana masa giciye da jan fenti. Kaset ɗin da ake ɗaurewa a tsakiya kuma ba ya kwana biyu. Abin da ake so shi ne kayan da kansu su ba da tazarar: mazauni ɗaya mai faɗin santimita 55 zuwa 60, sai fili, sai wani. Inda babu katako babu mai zama.

Awon mazauni: tsayi daga ƙasa santimita 45 zuwa 48, zurfi 40 zuwa 45, majingina ta ɗan kwanta baya kaɗan, hannu dama da hagu santimita 20 sama da mazaunin. Hannun nan ba ado ba ne, da shi mai ciwon gwiwa yake tashi. A bar ƙarƙashin kujerar a buɗe ta gaba domin mutum ya ja ƙafarsa baya kafin ya miƙe. Kujerar da aka rufe gabanta kamar akwati, tsoho sai an kama shi yake tashi, ga shi kuma an ce kada a taɓa juna.

Kabiru Lissafi
Kafin a ci gaba da awon kujera, a ƙirga mutanen tukuna, don tun ran gini tun ran zane. Mu ɗauki ƙa'idar da Jamus ta yi aiki da ita a ƙarshen 2020 ga ƙananan shaguna, mutum ɗaya a kowane murabba'in mita 10. Shago mai murabba'in mita 120 zai ɗauki mutum 12. In kowa yana yin minti 15 a ciki, mutum 48 ne ke wucewa a awa. Idan a lokacin cunkoso mutum 60 ke zuwa a awa, har awa biyu, layin zai kai mutum 24, na ƙarshe kuma zai jira rabin awa.

Tsawon layin ya danganta da dokar ƙasa. Birtaniya ta fara da mita 2, Amurka ƙafa 6, kusan mita 1.8, Jamus da Ostareliya mita 1.5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mita 1 aƙalla. Mutum 24 a tazarar mita 2 mita 46 ne, a mita 1.5 kuma 34.5. Rumfarki ta mita 10 mutum biyar ko shida za ta rufe.

Ga kuma abin da ya fi damuna da batun kujera a cikin layi. Mutum 48 a awa yana nufin layin yana motsi duk bayan daƙiƙa 75. Wanda kuka yi wa kujerar, wato tsoho da mai juna biyu da mai sanda, shi ne zai tashi ya zauna sau ashirin da wani abu kafin ya isa ƙofa. Wannan ya fi tsayuwar wahala.

Hajiya Rakiya
Allah ya saka da alheri Kabiru, nan ne maganar take. Kujera ba a cikin layi take ba, a gefen ƙofa take. A ajiye uku ko huɗu cikin mita 5 zuwa 10 daga ƙofar, inda mai tsaron ƙofa yake ganinsu. Wanda ba ya iya tsayuwa ya karɓi lamba ya zauna, in lokacinsa ya yi a kira shi, tashi ɗaya. Lambar ta zama ta takarda da ake yagowa a yar, ba katin roba da zai yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba. A kira da baki kuma a ɗaga allo mai lamba, domin takunkumi yana hana kurma karanta leɓe.

Ɗaya daga cikin kujerun ta zama ta mutum biyu. Mai larura da mai kula da shi gida ɗaya suke, raba su ba shi da amfani, kuma cutarwa ne. A gefe a bar fili mai faɗin santimita 90 da zurfin 140 domin keken guragu ya tsaya a jere da sauran, ba a tsakiyar hanya ba.

Cikin layin kansa abin jingina ya isa. Tsayinsa santimita 70 zuwa 75, mutum ya ɗora ƙugunsa, ƙafafunsa na ƙasa, ya rage wa gwiwa nauyi, in layi ya motsa ya ture jikinsa ya wuce. Amma a sani ba ya maye gurbin kujera. Gajeren mutum da mai jiri ba sa amfana da shi.

Usman Mai Walda
Abin jinginan ba shi da wuya. Fayif mai kaurin milimita 48.3, kaurin bangonsa 3.2, irin na gadon magina. Ƙafa biyu, a haɗa su da guntu mai tsawon santimita 60 a sama, a walda ƙaramin faranti a karkace kamar digiri 15 zuwa 20 zuwa gaba, a ɗaura falanki mai faɗin santimita 15 a kai. Kowane mutum nasa daban. Kada a ja fayif ɗaya dogo daga farko har ƙarshe, zai koma irin bencin da Malam Tanimu ya hana.

Ni dai a ganina a kafe shi da ƙasa kawai. Faranti mai milimita 8 a kowace ƙafa, kusa mai buɗewa M10, wato mai kaurin milimita 10, guda huɗu, ta shiga santimita 8 cikin kankare. An gama, ba mai ɗauka, ba mai turewa.

Injiniya Bashir
Malam Usman, in kankare ne na gaske mai kaurin santimita 12 ko fiye, na yarda, da sharaɗin ramin ya yi nesa da bakin kankaren da santimita 10 aƙalla, in ba haka ba yana fashewa lokacin ɗaurewa. Amma yawancin hanyoyin ƙafa intalok ne ko fale-falen siminti a kan yashi, ko kwalta. Kusa a cikin intalok tana riƙe bulo ɗaya ne kawai, mutum ya jingina, bulon ya taso tare da ita. Kwalta kuma tana laushi da zafi ta saki kusar a hankali. Ga wayoyin lantarki da bututun ruwa da ke ƙarƙashi, ga kuma hukumar da ke da hanyar, wadda sau da yawa za ta yarda a ajiye abu na wucin gadi amma ba za ta yarda a huda mata ƙasa ba.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya riƙe abin da nauyin kansa. A walda ƙafafun a kan faranti mai santimita 60 da 90, kauri milimita 8, ya miƙo gaba zuwa inda ƙafafunsa ke takawa. Nauyinsa kilo 34. Yana jingina yana taka farantin, ƙarfin ya koma cikin abin da kansa. A bar santimita 25 na farantin a bayan ƙafafun saboda yaron da zai rataya ta baya, kuma a gwada: babban mutum ya tura saman da ƙarfi daga gefe ba tare da ya taka ba. In ya ɗaga, a ƙara nauyi a baya.

Hajiya Rakiya
Injiniya, farantin nan tuntuɓe ne in ba a gyara bakinsa ba. Ƙa'idar Amurka ta masu buƙata ta musamman ta yarda da tudun da bai wuce milimita 6 ba a tsaye, daga 6 zuwa 13 sai an fiƙe bakin a karkace. Naka 8 ne, don haka a fiƙe duka gefe huɗu da giranda. Kuma farantin ya zama mai ƙurji, santsin ƙarfe da ruwa ba a wasa da shi.

Sai babban abin da masu zane ke mantawa: hanyar ba ta masu layi kaɗai ba ce. Jagorar ma'aikatar sufuri ta Birtaniya tana son a bar mita 2 a buɗe domin keken guragu biyu su gifta juna, in wuri ya matse 1.5. A auna daga bakin kayan, da mutum a jikinsu, zuwa abin da ya fi kusa, ko turken fitila ne ko kwandon shara, ba zuwa bakin kwalta ba. Hanya mai faɗin mita 2.5 ba ta da wurin faranti mai zurfin santimita 90 da mita 2 na wucewa. A irin wannan wurin ko dai a rage zurfin kayan, ko a nemi hukuma ta ba da wurin ajiye motoci na bakin titi, kamar yadda birnin Milan na Italiya ya sanar a Afrilun 2020 cewa zai sauya kilomita 35 na tituna domin masu ƙafa da keke.

Makaho kuma jikin gini yake bi da sandarsa. In kayan suna jikin bango, su jeru a layi ɗaya madaidaici, kowanne da sandar ƙarfe a kwance ƙasa da santimita 20 daga ƙasa domin sanda ta same ta kafin cinya ta sami falankin. Igiya ko kaset tsakanin turaku biyu tarko ne, sanda tana wucewa ta ƙarƙashi. Launi ya bambanta da na ƙasa sosai, toka a kan toka ba ya ganuwa ga mai raunin gani.

Sadiya Mai Zane
Idan gaban shagon mita 8 ne kawai fa, Yaya Kabiru? Layin zai toshe ƙofar maƙwabta.

Kabiru Lissafi
In akwai zurfi, a naɗe layin gida biyu a saɓa wuraren tsayuwa. Sahu biyu da mita 1.73 a tsakaninsu, an goce na biyun da mita 1, kowa yana da mita 2 daga na kusa da shi ta kowace fuska. Ana samun rarar santimita 27 a zurfi, a hanyar ƙafa kuwa wannan ba kaɗan ba ne. In babu zurfi, a yanke layin a ƙofar maƙwabci, a bar faɗin ƙofar da mita 1 dama da hagu, a ci gaba bayanta. Kada a tare ƙofar gudun gobara ko famfon 'yan kwana-kwana ko mashigar keken guragu a bakin titi. Kuma layin shiga ya tafi ɓangaren da masu fitowa ba sa bi.

Aminu Ɗalibi
Malamai, na karanta cewa ƙwayar cutar ba ta daɗewa a kan jan ƙarfe. Me zai hana a lulluɓe hannun kujera da shi?

Dakta Hauwa
Abin da ka karanta gaskiya ne Aminu. Binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a Maris 2020 ya sami ƙwayar da rai har awa 72 a kan roba da ƙarfe mara tsatsa, awa 24 a kan kwali, awa 4 a kan jan ƙarfe. Amma a ɗakin gwaji aka yi, babu rana babu iska. Kuma ka tuna lissafin Kabiru: sabon hannu yana sauka a wurin bayan daƙiƙa 75, awa 4 ba ta taimake shi ba. A Afrilun 2021 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa taɓa gurɓataccen wuri sau ɗaya yana haddasa kamuwa ƙasa da sau 1 cikin 10,000. Kuɗin jan ƙarfen ya tafi ga rumfa da ƙarin kujera. Ban da haka, jan ƙarfe a bakin titi ɓarayi yake jawowa, in kuma aka shafa masa banish don kada ya dushe, an kashe amfaninsa.

Wannan na cutar da ke bin numfashi ne. Wata annobar tana iya zama mai bin hannu, don haka kayan su zama masu gogewa. Bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, awo ɗaya a ruwa awo 49, yana ba da kashi 0.1. A wanke datti da sabulu tukuna, a goga da tsumma, a bar shi minti ɗaya. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Feshin titi gaba ɗaya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Mayun 2020 ba ta ba da shawararsa ba.

Usman Mai Walda
Ranki ya daɗe, bilic ɗin nan shi ne ke cin aikinmu. Yana huda ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304 da ƙananan ramuka, yana cin alminiyom, yana cin tutiya. Bayan minti ɗayan a bi da ruwa mai kyau a ɗauraye, musamman wajen walda da kan kusoshi inda ruwa ke kwanciya.

Kariyar da ta fi ita ce a gama walda duka sannan a kai a tsoma a narkakkiyar tutiya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 1461 tana neman tutiya mai matsakaicin kaurin maikiron 70 (maikiron dubu ne milimita ɗaya) ga ƙarfen da ya wuce milimita 3 zuwa 6. Dole a huda kowane fayif rami na milimita 10 zuwa 12 a kai da gindi kafin a tsoma, domin tukunyar tana kan zafin digiri 450, fayif rufaffe mai danshi a ciki fashewa yake yi. Ramukan nan daga baya su ne ke zubar da ruwan sama. In an yi walda a kan ƙarfen da aka riga aka tsoma, a kankare tutiyar wurin, a yi a fili saboda hayaƙinta yana sa zazzaɓi, sannan a shafa fenti mai tutiya. Kusa mara tsatsa a jikin alminiyom kuma sai da wosha ta roba a tsakani, in ba haka ba alminiyom ɗin yana rubewa a kewayen ramin.

Mazaunin ma da ƙarfe mai huda-huda zan yi shi. Ba ya shan ruwa, goge ɗaya ya wadatar.

Malam Tanimu Kafinta
Nan kam ban bi ka ba Usman. Ƙarfe a rana yana ƙuna, a sanyi yana ɗaukar zafin jiki. Ƙa'idar ISO 13732 ta sa iyakar ƙuna ga taɓawa ta minti ɗaya a digiri 51 ga ƙarfe, 60 ga katako da roba, kuma baƙin ƙarfe a tsakar rana yana wuce 51 cikin sauƙi. Tsoho mai ciwon suga wanda jijiyoyinsa ba sa jin zafi sosai ba zai san ya ƙone ba sai daga baya. Ƙashin kujera ƙarfe, wurin da jiki ke taɓawa katako ko allon roba na HDPE mai milimita 18 zuwa 20, mai haske.

In katako ne, mai tauri wanda ya bushe, kauri milimita 30 zuwa 35, a zagaye bakinsa. A shafe shi ta ko'ina har ƙasa da kan yanka kafin a ɗaura, shafi uku, don ta kan yanka ruwa yake shiga. Sukurori su shigo ta ƙasa, kada a bar kan kusa a sama ya zama gidan ruwa da datti. A karkata mazaunin digiri 2 ko 3 ruwa ya gangara. Tsakanin falanki da falanki a bar milimita 6. Ƙa'idar Turai ta kayan wasan yara tana gudun ramin da ke tsakanin milimita 8 da 25 saboda yatsa, yara kuwa suna zuwa layi da iyayensu. Filawud na yau da kullum kada a kusance shi, wanka da bilic kullum yana ɓare shi cikin 'yan makonni. HDPE ba ya jin bilic, aibinsa yana lanƙwasa, sai an tallafe shi da ƙarfe kowane santimita 30 zuwa 40.

Usman Mai Walda
Na sallama Malam, katako a sama.

Sadiya Mai Zane
Saura rumfar, Injiniya. Tunda babu bango, iska ba za ta dame ta ba ko?

Injiniya Bashir
Za ta dame ta, ta ƙasa. Rufi buɗaɗɗe ɗaga shi iska take yi. Mai mita 2 da 3, a iskar mita 20 a daƙiƙa, ana jan shi sama da kusan kilo 150, a mita 25 kuma kusan 235. Saboda haka rumfar naɗewa ta kasuwa da jarka biyu a ƙafa ba ta isa ba. Ko dai a tsara ta ta jure, ko a rubuta a jikinta gudun iskar da za a sauke ta, a kuma ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya cikin ma'aikatan shagon.

Nauyin da ya fi kyau shi ne akwatin shuka a gindin kowace ƙafa. Mai santimita 60 da 60 da tsayi 50 yana ɗaukar kusan kilo 215 na busasshiyar ƙasa. Da busasshiya za a yi lissafi, jiƙaƙƙiya ta fi nauyi amma ba kullum take jiƙe ba. Ƙafar ta ratsa har gindin akwatin a ɗaure ta da noti, ba a soke ta cikin ƙasar kawai ba. Akwatin yana kuma zama shinge tsakanin mai jingina da na gaba da shi.

Mafi ƙasan rufin ya kai mita 2.3. Gangara digiri 5 zuwa 10, ruwan ya zuba ta indararo zuwa magudana, kada ya zuba a kan masu wucewa. Tamfol da bai ɗame ba yana tara ruwa, santimita 5 a kan murabba'in mita 6 kilo 300 ne, shi ke karya ƙarfe. In allon roba na folikabonet ne, yana miƙewa da zafi, mai mita 2 yana iya ƙaruwa da milimita 5 tsakanin sanyin dare da zafin rana, don haka ramin sukuru ya fi sukurun faɗi da milimita 3, fuskar da aka yi wa kariyar rana ta kalli sama. Mai garai-garai yana tare ruwa amma yana dafa na ƙarƙashi, mai duhun madara ya fi.

A duba rana kuma kafin a kafa. In ta sauko zuwa kusurwar digiri 30 daga ƙasa, inuwar rufi mai tsayin mita 2.3 tana gocewa mita 4 gefe, mutane su bar wurarensu su taru inda inuwar ta koma, tazarar ta watse. Maganinsa 'yan falankai a karkace a saman gefen da rana ke shigowa, daga mita 1.8 zuwa sama, da fili a tsakaninsu.

Dakta Hauwa
Wannan taruwar a inuwa ita ce dalilin da zan ce in kuɗi bai isa a rufe layin duka ba, a rarraba ƙananan rumfuna, kowace a kan mutum ɗaya ko biyu, a fara da kujerun gefen ƙofa.

Sai turken man tsabtace hannu. Man ya kai kashi 60 na barasa aƙalla, yana kama wuta, don haka a inuwa, nesa da masu shan sigari. Na takawa da ƙafa mai keken guragu ba ya iya amfani da shi, a haɗa da maɓallin gwiwar hannu. Bakinsa a tsayin mita 1 daidai yake da idon ƙaramin yaro. Cibiyoyin kula da guba na Faransa sun ga shigar man cikin idon yara ta ninka sau bakwai tsakanin Afrilu da Agustan 2020 idan aka kwatanta da 2019. Bakin ya kalli ƙasa sosai, da faranti mai tarewa a ƙarƙashi, a riƙa goge busasshen man da ke toshe shi, domin toshewar ce ke sa ya fesa gefe. Kuma barasa tana tsattsaga allon roba na akirilik, kada a yi farantin ko allon sanarwa da shi.

Aminu Ɗalibi
To alamar ƙasa an daina ke nan?

Kabiru Lissafi
Ana buƙatarta inda kayan suka ƙare, domin ranar da layi ya wuce lissafi. Da'ira ta fi layi aiki, mutum yana shiga cikinta ya tsaya, layi kuwa wani a gabansa yake tsayawa wani a baya. Filin shaƙatawa na Domino a Burukilin da ke New York ya nuna haka a Mayun 2020, da'irori masu faɗin ƙafa 8 da ƙafa 6 a tsakani. A layi, da'irar santimita 40 zuwa 50 ta isa, a auna daga tsakiya zuwa tsakiya.

Sitikar cikin ɗaki ba ta zama a waje. Ruwa yana shiga ta ƙarƙashi, bakinta ya naɗe, ta zama santsi. Fentin titi da aka barbaɗa wa yashi mai laushi tun yana ɗanye ya fi, a kan ƙasa busasshiya da aka share. A fara da alli kwana biyu ko uku a ga inda mutane ke tsayawa da gaske, sannan a yi fentin.

Hajiya Rakiya
A ƙara fitila. A lokacin da dare ke saurin yi, layi yana kaiwa duhu, kayan da ba a gani su ne ake karo da su. Ɗan kaset mai ƙyalli a tsayin mita 1 a jikin kowace ƙafar rumfa, da fitila mai kallon ƙasa a ƙarƙashin rufin. In za a ja waya, ta bi ta sama, kada ta ratsa hanya.

Sadiya Mai Zane
Na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya ta rage, Baba Tanimu da Malam Usman: in doka ta sauya daga mita 2 zuwa mita 1, kamar yadda Ingila ta sassauta a Yulin 2020, ko hukuma ta ce a kwashe komai da dare?

Usman Mai Walda
Shi ya sa kowane guda yake zaman kansa. Abin jinginan da farantinsa da fayif da katako bai wuce kilo 48 ba, mutum biyu ko ƙaramin amalanke mai taya biyu ya ɗauke shi. A walda kunne a bayan kowane faranti. Sandar tazara ta zama lebur ɗin ƙarfe mai milimita 40 da 5 da ke kwance a jikin bango, da ramuka a mita 1, 1.5 da 2, ana ɗaura kunnen a ramin da doka ta ce. Sandar tana hana mutane jan kayan kusa da juna, kuma ɓarawo ba ya ɗaukar ɗaya sai ya kwance noti. Notin ya zama mai buƙatar makulli na musamman, a ajiye makulli biyu a shagon. Akwatin shuka kuma a ɗaga gindinsa santimita 10 a kan ƙafafu domin cokalin jak ɗin ɗaukar kaya ya shiga, ruwan sama ma ya wuce ta ƙarƙashi.

Malam Tanimu Kafinta
Ki sa a ƙera guda ɗaya tak na kowanne kafin sauran, 'yata. A zaunar da gajere da dogo da mai sanda, a watsa masa bokitin ruwa a ga inda ya kwanta, a bar shi a rana zuwa azahar a taɓa da bayan hannu. Bayan mako biyu da kafawa a zagaya da sifana a sake ɗaure kowane noti, domin katako yana ƙara bushewa ya saki, daga nan kuma sau ɗaya a wata.